Katin Allurar Shawara: Yadda Aka Gano Gaskiyar Cutar a Ankara

Duk fataken da ke ɗauko kaya daga kasuwar Nima ko Mamobi ya nufi Aflao, Elubo ko Paga ya san katin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambaya a bakin iyaka, wato katin allurar zazzaɓin shawara. Wasu na ɗaukarsa hanyar tatsar kuɗi ce kawai, har su saya a hannun 'yan ta-kife ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba. A shirinmu na wannan mako mun bi asalin katin, kuma asalin nasa yana nan birnin Accra, wanda mutanen zango ke kira Ankara.

Da farko, me ya sa idon mai shawara ke komawa ɗorawa? Jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su wuce kwana 120 suna aiki. In sun tsufa sai jiki ya farfasa su, a cikin abin da ya rage akwai wani sinadari mai launin ɗorawa da likitoci ke kira bilirubin. Hanta ce ke tsince shi daga jini ta tura shi cikin matsarmama, ya fita ta bayan gida. Duk ranar da hanta ta gaza, ko jini ya farfashe fiye da kima, sai sinadarin ya taru ya rina ido da fitsari. Ke nan shawarar ido alama ce kawai. Ciwon hanta na kawo ta, maleriya mai tsanani na kawo ta, haka sikila. Ku riƙe wannan, don a nan wani babban masani ya yi tuntuɓe.

A da mutane sun ɗauka ana ɗaukar zazzaɓin shawara ne daga tufafi da shimfiɗar majiyyaci. A 1881 wani likita ɗan ƙasar Kuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne, aka yi biris da shi. Sai a 1900 likitan sojan Amurka Walter Reed da mutanensa suka gwada maganar a Kuba. Suka gina ɗaki biyu. A ɗaya suka kwantar da mutane cikin ƙazantattun kayan marasa lafiya, amma suka hana sauro shiga. A ɗayan komai tsaf, sai dai an saki sauron da ya ciji masu cutar. Na ɗakin ƙazanta suka fito lafiya lau, a ɗakin tsafta cuta ta kama mutum.

Wannan ita ce hanyar binciken kimiyya, ba wani sihiri a ciki. Ka lura da abu, ka yi zato, sannan ka shirya gwajin da zai iya ƙaryata zaton naka, ka canja abu ɗaya tak ka bar sauran yadda suke. Makiyayi ma ya san haka. In ka ba garke duka sabon magani a daidai lokacin da ciyawar damina ta fito, shanu suka murmure, wa ya yi aikin, maganin ko ciyawar? Ba za ka sani ba sai ka ware wasu ba ka ba su ba, ka kwatanta.

To an san sauro ne ke ɗauko ta, amma mece ce yake ɗaukowa? A 1918 wani shahararren masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, Hideyo Noguchi, ya je ƙasar Ekwado ya ce ya ga ƙwayar a jinin marasa lafiya, wata bakteriya mai kamar murɗaɗɗen zare. Har allura ya haɗa a kanta. Saboda girman sunansa, da yawa suka yarda. Ashe wata cuta ce daban ya gani, wadda fitsarin ɓera ke yaɗawa, ita ma tana rina ido.

Abin da ya warware zancen ya faru a ƙasar nan a 1927, lokacin ana kiranta Gold Coast. A garin Kpeve wani mutum mai shekara 28, sunansa Asibi, suna da ba baƙo ba ne a kunnen mutanen zango, ya kamu da zazzaɓin. Wani likita, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jininsa, aka sa wa wani irin biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu ya mutu. Aka nemi bakteriyar Noguchi a jinin, babu. Aka tace jinin da matatar da ke tare bakteriya, ruwan da ya wuce kuma ya ci gaba da kama birai. Wato abin ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ne bairos, ɗan ƙunshin saƙon halitta a cikin kwanson furotin, wanda ba ya ci, ba ya hayayyafa da kansa, sai ya shiga ƙwayar halittar mai rai ya mayar da ita masana'antarsa. Na shawara hanta yake nufa.

Noguchi bai aiko da gardama daga nesa ba, wannan kam a yaba masa. Ya taso ya zo Ankara a ƙarshen 1927 don ya sake gwadawa da hannunsa. Cutar da yake bincike ta kama shi, ya rasu ranar 21 ga Mayu, 1928. Cibiyar binciken lafiya da ke Jami'ar Gana a Legon, wadda aka buɗe a 1979, sunansa take ɗauke da shi.

Shi kuwa Asibi ya warke. Bairos ɗin da aka samu a jininsa aka yi ta renonsa a ɗakin gwaji a Amurka, daga wannan nama zuwa wancan, mafi yawa na ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, har ƙarfinsa ya karye. A 1937 Max Theiler ya fito da allura daga gare shi, wadda ta kai shi ga lambar Nobel a 1951. Jiki na ganin wannan raunannen bairos sai ya ƙera wasu furotin da ke gane shi, in na gaskiyan ya zo su tare shi. Allurar da ake yi wa jarirai 'yan wata 9 a Mamobi yau, tsatsonta jinin Asibi ne.

Kada wani ya ce tsohon labari ne. A ƙarshen 2021 cutar ta ɓulla a yankin Savannah na arewacin Gana, mutum fiye da 30 suka rasu, akasarin waɗanda ta kama makiyaya ne da ba a taɓa yi musu allura ba. A daji sauro na ɗauko ta daga birai ya sa wa mutum. In mutumin ya shigo gari da ita, wani sauro mai zanen baƙi da fari, mai cizo da rana, shi zai raba ta gida-gida. Kuma wannan sauron ya fi son ruwa mai tsabta da aka ajiye a buɗe: durom, randa, galan ɗin Kufuor da aka bari ba murfi, tsohuwar taya da ruwan sama ya kwanta a ciki. A lungunan Nima ba a rasa waɗannan.

Har yau babu maganin da ke kashe bairos ɗin in ya kama mutum, sai dai a yi jinya. Katin da aka saya zai iya wuce da mutum gaban jami'i, amma bai sa masa komai a jini ba. Allurar sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na aiki har iyakar rayuwar mai shi. Sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka mai shirin tafiya ya je asibiti da wuri, kada ya bari sai jajibirin hawa mota.