Saniya Mai Nono Da Ta Rame, Kada A Yi Gaggawar Sayar Da Ita

Makon jiya wani makiyayi a fadamar Guri ya nuna mini saniyarsa Bunaji, wata biyu da haihuwa, haƙarƙarinta duk a waje. Ya ce zai kai ta kasuwa ya bar wata mai ƙiba. Na tambaye shi wacce ta fi cika ƙwarya. Ya ce ai ramammiyar.

To, jama'a, ga dalili. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace saniya akwai wani ɗan ƙululu mai zuba wani sinadari cikin jini, ana ce da shi sinadarin girma. Shi ke sa maraƙi ya yi ƙashi da tsoka. Amma ga saniya mai shayarwa aikinsa dabam ne: yakan juya abincin da ta ci zuwa hantsa, in bai isa ba ya narke kitsen jikinta ya mai da shi nono. A 1978 masu bincike a Ingila sun gwada shanun Friesian masu yawan nono da waɗansu masu jinin Hereford, watau irin nama. Suka tarar sinadarin nan ya fi yawa a jinin masu nono. Su kuwa na nama insulin ne ya fi musu yawa, shi ke sa su tara kitse. Ashe mai ƙibar nan kanta take yi wa kiwo.

Saboda haka ramammiya mai nono ƙarin abinci take bukata. A ba ta harawa da dusa da anguryar auduga safe da yamma, a sa mata kanwa. Amma fa a lura, shanun da ke kiwo cikin ruwan fadama suna yawan ɗaukar tsutsar hanta, ita ma tana ramarwa. In nono ya ragu tare da ramar, ko ƙasan haɓa ya kumbura, sai a nemi malamin dabbobi.

Waɗansu sun ji labari ana yi wa shanu allurar sinadarin nan. Gaskiya ne, Amurka ta yarda da ita a 1993, Tarayyar Turai kuwa ta hana. Ni dai ban ga amfaninta ga saniyar da ba ta ƙoshi ba, don allura ba ta ƙara ko dami ɗaya na harawa.

Mutumina ya fasa tafiya kasuwa. Mai ƙibar zai ɗaure a turke, ya sayar kafin Salla.