Littattafai uku da na gama a hutun damina, da tambayar da suka bar mini kan Zangonmu

A ƙasar nan babban hutun lakwal yana faɗowa ne a tsakiyar damina, shi ne kuma lokacin da malamin firamare irina yake samun sukunin karanta abin da ba takardun yara ba. Bana na gama littattafai uku, biyu da Hausa, ɗaya da Faransanci, na kuma shiga na huɗu. Zan faɗa muku ra'ayina a kan kowanne, domin na lura mu Hausawan Wagadugu mun iya hirar fim da ƙwallo da tsadar kaya, amma da wuya ka ji an tambayi mutum me yake karantawa.

Na fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Littafin ya fito a 1934, bayan gasar rubutun da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin wani malami ne a Rauta da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa tun daga Kagara: yadda fadawa suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharri, yadda aka sace shi yana yaro, yadda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetara da shi sahara ya rene shi kamar ɗansa. Littafin siriri ne, a zama biyu ka gama.

Ni dai a wurina uwar Umar ce ta riƙe littafin. Ta bar gida neman ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka kai ta Murzuk, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, lokacin da ƙarfinta ya riga ya ƙare. Marubucin yana ba da labarin bauta cikin sanyin murya, ba kururuwa, shi ya sa abin ya fi shiga jiki. Inda littafin ya gaza mini shi ne Umar ɗin kansa: komai faruwa yake yi da shi, ba ka ganin ya yi fushi ko ya yi gardama da kowa. Ƙarshen ma an yi saurin naɗe shi. Duk da haka, duk wanda kakanninsa suka zo garin nan ta hanyar fatauci ya kamata ya karanta shi, ya ga ɗaya fuskar ayarin da muke alfahari da shi.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 2012. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, 'ya'yansu tara. Ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan har 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau. Sai gobara ta cinye rumfar Alhaji a kasuwa, Delu ta juya masa baya, aka dawo ana roƙon Rabi ta koma ɗakinta.

Babin gobarar nan na karanta shi da wani irin nauyi a ƙirji, saboda duk ɗan garin nan da ya yi wayo a 2003 yana tuna ranar da kasuwar Rood Woko ta ƙone, da yadda aka yi shekaru kafin a sake buɗe ta a 2009. Mun san gidajen da tukunya ta daina hawa murhu a dalilin wannan wutar, mun kuma san matan da suka ɗauki nauyin gidajen da tuwon sayarwa da ƙosai.

Gwaggona, wadda ita ta aro mini littafin, mun kusa raba dare muna musu kan ƙarshensa. Na ce an cuci Rabi da aka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Ta ce, "Kai yaro, lakwal ta cika maka kai. Uwar 'ya'ya tara ina za ta? Ai ba don shi ta koma ba." Na ce, "To Gwaggo, shi kenan an yafe masa?" Ta ce, "Wa ya ce maka? Je ka sake karantawa, ka ga wa ke riƙe da gidan yanzu." Har yau ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Sai dai littafin da zai sa tsohuwa da ɗan ɗan'uwanta su manta da talabijin, ya biya kuɗinsa. Aibinsa ɗaya: mugaye a ciki mugaye ne ƙarshe, Delu ba a bar mata ko ɗan gefen kirki ba.

Na uku na gida ne, Crépuscule des temps anciens na Nazi Boni, wanda ya fito a 1962, ake kuma lissafa shi a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko daga ƙasar nan. Tarihin mutanensa ne, Bwaba na yammacin ƙasa, da al'adunsu da jarumansu, har zuwa boren da suka yi wa Faransawa a 1915 da 1916. Gaskiya Faransancinsa yana da tauri, sai da ƙamus a gefe, farkonsa kuma yana tafiya a hankali. Wanda ya daure zai sami lada, domin mutumin ya zauna da tsofaffin garinsu ya kwashi abin da ke bakinsu kafin ƙasa ta rufe su. Yau jami'ar Bobo-Dioulasso sunansa take ɗauke da shi.

A nan ne tambayar ta taso mini. Na karanta Kano da Hausa, na karanta ƙasar Bwaba da Faransanci, to ina littafin Zangonmu? Ni a Tiendpalogo na tashi, maƙwabciyar Zangouettin, unguwar da sunanta ma daga zango ya samo asali, masaukin fataken goro da ke bi ta ƙasar Mosi tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A 2003 shirin ZACA ya sa katafila a unguwannin nan, har da Peuloghin da Kamsaoghin da wani ɓangare na Koulouba, aka raba mutane tsakanin filayen Ouaga 2000 da Nioko. A da yaro yana tsintar Hausa a ƙofar gida, a makarantar allo, a wurin mai tsire. Yanzu maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru katanga ɗaya sai an hau babur kafin a gaisa. Dattawan da suka san wane ne ya sauki wane, da gidan da kowace zuriya ta fito, kullum raguwa suke.

Abin lura kuma, Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya rubuta nasa. Nazi Boni ma da koyarwa ya fara kafin siyasa. Balaraba kuwa tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, bai hana ta rubutu ba. Kun ga kenan mu da muka fito daga makarantar horon malamai ba mu da ta cewa.

Akwai cikas ɗaya da nake gani a gidajenmu. Yaranmu suna jin Hausa, amma idan ka miƙa musu littafin Hausa sai su karanta shi da bakin Faransanci: "ciki" ya koma "siki", harafin u su murɗe shi, ƙ da ɗ da ɓ kuwa su tsaya suna kallo. Abin ba wuya gare shi ba. Na gwada da ƙannena, cikin 'yan kwanaki suka kama, tunda harshen yana bakinsu, haruffan kawai ake nuna musu. Gyaran tsarin mulkin da aka yi a ƙarshen 2023 ya ɗaga harsunan ƙasa zuwa na hukuma, Faransanci ya koma harshen aiki. Mosi da Fulani da Jula suna da littattafan yaƙi da jahilci a harsunansu. Mu da muke 'yan tsiraru, in ba mu koya wa namu a gida ba, ba na jin wani zai zo ya yi mana. Su kansu littattafan Kano da 'yan kasuwa ke shigo da su ta Maraɗi da Yamai sun yi wuyar samu tun da hanyar gabas ta lalace da rashin tsaro, shi ya sa wanda yake da su a akwati ya daure ya ba da aro.

Wanda nake riƙe da shi yanzu shi ne Oui mon commandant! na Amadou Hampâté Bâ, wanda aka buga a 1994 bayan rasuwarsa. Yana ba da labarin zuwansa Wagadugu a 1922 yana saurayi, ƙaramin akawu a ofishin Turawan mulkin mallaka. Ina rabi, kuma yana ba ni dariya fiye da yadda na zata, musamman yadda yake kwatanta kumandoji da tafintocinsu. Zan kawo muku ra'ayina in na gama.

Kafin nan ga roƙona. Duk mai tsoho ko tsohuwa da suka zauna a Tiendpalogo ko Zangouettin, ya kunna waya ya naɗi hirarsu, ya tambaye su sunayen gidaje da masallatai da malamai da hanyar da iyayensu suka biyo, sannan ya zauna ya rubuta ko shafi biyu ne. Ni na fara da Gwaggo, mun yi zama uku. Ku kuma ku aiko wa wannan shafi sunan littafin da kuka gama kwanan nan da abin da kuka gani a cikinsa, ko na boko ne ko na ajami. Allah ya ba mu ikon yi.