Gwazar Ado a Tsakar Gida

Uwargida, gwazar da kika sani tana da 'yar'uwa ta ado, mai faffaɗan ganye rodi-rodi, fari da kore.

Ki huda gindin tsohuwar tukunya, ki zuba ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ki dasa. A wuri mai zafi irin Garbadu da Talata Mafara, sai a inuwar dogonyaro, domin rana tana ƙona farin ganyen. Ƙasar ta zauna da danshi, ban da caɓi, kada saiwar ta ruɓe. In ganyen ya bushe da hunturu, rage ruwa; za ta sake tohowa.

Amma fa hattara, ba ta ci ba ce! Ruwanta yana sa ƙaiƙayi da kumburin baki. In yaro ya tauna, wanke bakinsa, ki garzaya asibiti.