Hanyar Mai a Motar Haɗin Gida

A Abuja, daga Durumi zuwa kasuwar Gudu da garejin Apo tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a tsakanin wuraren nan babu abin da mai son haɗa mota da hannunsa zai nema ya rasa: injin tokumbo, giya, tayoyi, ƙarfen walda. Basirar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic. Abin da ke damuna shi ne, yaro zai kwashe watanni yana lanƙwasa bodi yana fenti, sai ranar da za a tayar da inji a tuna da hanyar mai, a aiki ƙaninsa ya sayo tiyo ko wane iri.

Wutar fetur a tururinsa take, kuma yana fitar da tururin da zai kama ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Abuja na watan Maris. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan mota ko cikin but yana jiran tartsatsi. Bakin salansa kuwa, inda ya fito daga inji, yana iya wuce digiri 500. Ke nan duk bututun man da ya bi ta kusa da salansa ya bi hanyar da ba tasa ba. A kai shi ɗaya gefen shasin. In dole sai sun haɗu, a sa farantin ƙarfe tsakani, a bar sarari iska ta wuce.

Farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi ba na fetur ba ne. Mai na busar da shi, ya ƙandare, ya tsage a bakin da aka cusa shi. Ko baƙin tiyon mota ma iri-iri ne, kuma a nan ne masu saka injin zamani a tsohon bodi ke faɗawa rami. Kafireta na karɓar mai da ɗan ƙaramin matsi, amma famfon injekta na turo shi da ƙarfin da ya ninka haka kusan sau 10. Tiyon kafireta a kan injekta, in ya fashe, fesa mai zai yi kan inji mai zafi, kuma famfon ba zai daina ba muddin akwai wuta a jikinsa. A duba rubutun jikin tiyo: mai lamba 30R9 shi ne na injekta, 30R7 na kafireta ne. Doguwar tafiya daga tanki zuwa gaba kuwa bututun ƙarfe ya kamata ya yi ta, a bar roba a ƙarshe kawai, inda inji ke girgiza yana buƙatar abin da zai bi motsinsa.

Sai ɗauri. Kilif mai roba a ciki, kusan kowane taku ɗaya, ba wayar ɗaurin rodi ba, wadda ke cin tiyo a hankali har ta huda shi. Inda bututu ya ratsa ramin da aka huda a ƙarfe, a sa zoben roba a bakin ramin. Kada a ɗaure shi tare da wayar batir. Kada kuma ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa, domin wanda ya san lungunan Durumi da damina ya san yadda cikin mota ke gugar dutse. Ya bi ta cikin gefen shasi, ƙarfe ya kare shi. Dabarar nan ta ajiye galan kusa da direba a jawo tiyo zuwa inji in famfo ya mutu, a daina ta, ko da gwaji ne.

A Ingila, motar haɗin gida ba ta samun lamba sai jami'i ya duba ta, har da yadda aka shimfiɗa hanyar mai. A nan Abuja muna da hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Ina ganin ya dace ta buɗe wa waɗannan matasa ƙofar duba aikinsu a farashin da za su iya. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 jama'a ke komawa gas, kuma fashewar wata mota mai tukunyar gas ta jabu a gidan mai a birnin Benin, a Oktoban 2024, ta nuna inda aikin da ba a duba ba ke kaiwa.

Kafin hakan ta samu, mai aikin ne mai duba kansa. Ya murɗa makulli famfo ya cika bututu ba tare da tayar da inji ba, ya bi kowace mahaɗa da farar takarda yana neman danshi, a fili ba cikin shago ba, da gwangwanin kashe gobara a gefensa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.