A ba mu madugu maimakon jarumi mai takobi

Masu dara ba su buƙatar komai sai gurabu 30 a ƙasa, wannan ya ɗebi tsakuwa 12, wancan ya kakkarya kara 12. Abin da ke zaunar da dattijo a gindin darbejiya tun la'asar har kiran magariba shi ne doka: sai ka jera uku kake ci, kuma ba a yarda ka jera su tun wajen zubi ba. A cire wannan sharaɗi, dara ta tashi daga aiki. Gem ɗin da samari ke bugawa a waya daga Geza har Tsamiya da Lolo a ƙasar Bagudo ma haka yake. Hoton dodo da walƙiyar takobi ado ne. Inda masu ƙera gem suka fi shan wahala shi ne tsara abin da ɗan wasa zai iya yi, da abin da zai rasa idan ya yi shi.

Da yawa daga cikin dokokin da suka yi kasuwa, masu buga gem ne suka fito da su, ba kamfani ba. A 1999 wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life kwaskwarima ya zama Counter-Strike. Shekara na zagayowa kamfanin Valve ya saye shi. Brendan Greene, mutumin Ailan, a 2013 ya soma gwada wata dabara a cikin Arma 2: a zube mutane a tsibiri, fili ya riƙa matsewa har sai mutum ɗaya ya rage. Ita ce ta haifi PUBG a 2017, kuma wannan da'ira mai matsewa ita ce ke hana masu Free Fire laɓewa a daji har gari ya waye.

Su kuwa gem ɗin tatsuniya da yawon duniya, yawancinsu hanya ɗaya suke bi: kashe dodo, ƙarfinka ya ƙaru, ka sayi takobi mafi girma, ka nemi dodon da ya fi wancan. Ko Aurion, wanda Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016, inda yarima Enzo ke samun ƙarfi daga kakanninsa, a kan faɗa aka gina shi. Wani matashi da na tarar a shagon cajin waya ya ce shi ya gaji da wannan. "A ba ni madugu," in ji shi, "in ga ko zan kai ayari Gwanja in dawo da riba."

Bai yi shaci-faɗi ba. A ƙarni na 19 fatake daga Kano da Sakkwato kan ƙetare Kwara ta wajen Illo, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su kai kanwa da tufafi da fatu Salaga ta ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Madugu ke riƙe da ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na daidaitawa da sarakuna kan kuɗin fito. Ga labari a ƙofar gida.

Dokar farko ta gem ɗin madugun: a cire ma'aunin ƙarfi a sa na amana. Kowane zango ka sauka, akwai mai masaukin da zai ba ka kaya bashi, ya tsaya maka wajen dillalai. Kana iya cinye masa kuɗi ka tsere da asuba, gem ba zai hana ka ba. Amma labarinka zai biyo ka da saurin jakunan ayarin da ke bayanka. Ka iya riga shi shiga gari ɗaya ko biyu, a na uku sai ka tarar da ƙofa a rufe, kuma ta nan za ka dawo. Wannan ta fi burge ni, domin horon ba ya sauka nan take. Ɗan wasa zai yi ta lissafin ko ya tsira.

Ta biyu kogi ne. Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika: da damina, ruwa jajawur da laka, sai kuma da sanyin hunturu, lokacin da ruwan da ya sauka a duwatsun Gini ya iso bayan ya yi watanni a fadamun Mali. Madugu ya zo gaɓa da huhunan goro, ruwa ya kawo. Ya jira, ganyen fita ya bushe, sankara ta shiga goro. Ya biya Sarkawa su fitar da shi, riba ta ragu. Ya bi mashigin da dodo ke tsaro, wanda ba ya jin takobi sai kacici-kacici. Kowace ya ɗauka, sai ya yi asarar wani abu.

Ta uku harshe. A ƙasar Bagudo kunne ya saba da Hausa da Fulatanci da Dandanci da yaren Kyangawa, da an tsallaka iyaka kuma ga Faransanci. A gem ɗin, maganar baƙo za ta fito kamar zanen kaza har sai ka koyi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan sai ka ɗauki tafinta, kuma tafintan Gizo ne, ka san kuwa ba kullum zai faɗa maka abin da aka ce ba. An riga an ga irin wannan ta yi aiki a Chants of Sennaar, gem ɗin Faransa na 2023.

Inda nake jin tsoro shi ne lissafi ya yi yawa, abu ya koma littafin bashi na ɗan tireda. Yaro zai goge shi ya koma harbi. Dole a bar wa 'yan fashin hanya da aljanun kuka nasu wuri.

Mai irin wannan tunani kada ya ɓata data yana aika wa manyan kamfanoni. Nintendo, alal misali, ba ya karɓar dabarar da bai nema ba. Ya zana taswira a bayan kwali, ya tara abokai huɗu da tsakuwa, ya ga wace doka ce ke sa su gardama, wacce ke sa su hamma. Daga nan akwai Godot, manhajar ƙera gem ta kyauta da ke aiki ko a ƙaramar kwamfuta. Kuma a yi shi mara nauyi, mai tafiya ba intanet, saboda a bakin iyaka waya kan saki layin Najeriya ta kama na Benin ana tsakiyar wasa.