Dandalin Meskel: An gyara fili, amma na waye?

Idan ka taɓa cin karo da bidiyon dubban mutane sanye da fararen kaya sun kewaye wata ƙatuwar wuta a Addis Ababa, to Dandalin Meskel ka gani. Shi ne cibiyar babban birnin Habasha, kuma a watan Yunin 2021 Firaminista Abiy Ahmed ya buɗe shi bayan gagarumin gyara.

Kafin mu zo ga gyaran, bari ka ji irin aikin da filin ke yi. A ƙarshen watan Satumba na kowace shekara, Kiristocin Orthodox suna taruwa a nan domin bikin Meskel, wanda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2013. Daga bikin ne filin ya samo sunansa. Bayan sojoji sun hamɓarar da Sarki Haile Selassie a 1974, sun mayar da shi Dandalin Juyin Juya Hali, wurin fareti da jawaban Mengistu. A nan ake tashin gasar gudun kilomita 10 da Haile Gebrselassie ya assasa a 2001. Da asuba kuma, matasa kan cika dogayen matakalan filin suna atisayen gudu, ba tikiti, ba katin shiga.

To me aka yi masa? An haƙa ƙarƙashinsa an gina wurin ajiye motoci kusan 1,400, an ƙara banɗakuna da shaguna, an sake shimfiɗa saman, an kafa manyan allunan talabijin da fitilu. Dabarar a fili take: motoci su koma ƙasa, mutane su samu sama. Dama can filin kan zama tasha da wurin fakin idan babu taro. Ga hoto kuwa, ba a magana, wurin ya haɗu.

Amma tun kafin a yanke kyallen buɗewa rigima ta kunno kai. A azumin 2021 Musulmin birnin sun shirya babban buɗa-baki a dandalin, Cocin Orthodox ta ce filin nata ne a tarihi, hukuma ta hana taron, har 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Daga baya aka yi buɗa-bakin a kan titunan birnin. Wani ɓangare na cewa sunan filin kaɗai ya isa shaida, wani kuma na cewa da harajin kowa aka gyara shi.

Ka ga inda gizo ke saƙa? Injiniya zai iya lissafa siminti da rodi, amma ba shi zai faɗa maka wa ke da ikon taruwa a wurin ba. Matuƙar ba a zauna an tsara wannan ba, fili na ƙara kyau, masu cewa nasu ne na ƙara yawa.

Shi ya sa duk ranar da gwamnati ta saki hoton zanen sabon dandali a Facebook, kada ka tsaya a "masha Allah, garinmu ya zama Dubai". Yi tambaya. Shiga kyauta ne ko sai da kuɗi? Wa ke ba da izinin taro, kuma ƙa'idar ɗaya ce ga kowa? Mai shayi da mai gyaɗa da suka shekara a wurin, ina aka kai su? Akwai inuwa da banɗaki? 'Yan mata za su iya zama bayan magariba hankali kwance? Idan fitila ta mutu, wa zai canza?

Ranar buki kowane fili cika yake yi. Je ka duba shi ranar Talata da la'asar, lokacin da babu kiɗa babu babban baƙo. Idan ka tarar da yara na buga ƙwallo, tsofaffi na hira, ɗalibai na karatu, to kuɗin bai tafi a banza ba.