Ɗan Issa: yadda gwajin guntu-guntu ke hana manhaja cinye kuɗin ɗan kasuwa

A Ɗan Issa, garin da ke cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, kan hanyar zuwa Jibiya da Katsina, ana ciniki da sefa da naira. Ita sefar ma ƙirga biyu gare ta: a takarda ana rubuta faranka, a baki kuwa dala ake faɗi. Dala ɗaya faranka 5 ce, jaka ɗaya dala 200 ce, wato faranka 1000.

Duk matashin da zai rubuta wa mai shago manhajar lissafi a irin wannan gari, nan ne zai iya yin tuntuɓe. Idan mai shago ya shigar da 500 yana nufin dala, manhajar kuma ta ɗauka faranka ce, bashin faranka 2500 ya koma 500 ke nan. An yi asarar jaka biyu, kuma ba wanda zai lura nan take.

Irin wannan kuskure ya taɓa cin manya. A watan Satumban 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wani ɓangare na manhajar yana ba da lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan kuma yana karɓarsa a matsayin ma'aunin mita.

Hanyar kariya mafi sauƙi ita ce gwajin guntu-guntu, wanda ake kira test unitaire da Faransanci. Manhaja tarin ƙananan guntaye ce, kowane da aikinsa. Mai rubutu zai ware guntu ɗaya, ya rubuta wani ɗan umarni da zai ba shi adadi, sannan ya kwatanta amsar da ta fito da wadda aka riga aka sani.

Ga mai farawa, guntun da ke mayar da dala faranka ya isa. Gwaji na farko: a ba shi dala 200, dole ya fito da 1000. Na biyu: a ba shi sifili, ya fito da sifili. Na uku: a ba shi harafi maimakon lamba, ya ƙi karɓa.

Canjin kuɗi na buƙatar ƙarin lura. Tun 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655 da ɗigo 957, don haka ana iya kafe wannan adadi. Naira kuwa farashinta na sauyawa, musamman tun watan Yunin 2023 da babban bankin Najeriya ya sake ta ga kasuwa. Shi ya sa ake shigar da farashinta daga waje, a lokacin gwaji kuma a sa adadi tsayayye.

Kayan aikin kyauta ne. Kent Beck da Erich Gamma sun samar da JUnit na harshen Java a 1997. Python na zuwa da unittest a cikinsa, masu PHP kuma suna da PHPUnit. Da zarar an girka su, suna aiki ko babu intanet.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce a sake gudanar da dukkan gwaje-gwajen duk sanda aka taɓa manhajar. Idan mai shago ya kawo ƙorafi, a fara rubuta gwajin da zai nuna kuskuren kafin a gyara, don kada ya sake dawowa.